Allura Ta Tono Garma

Can yamma da Ingila, a bakin babban tekun Atlantika, akwai wani tsibiri wanda a ke kira Ailan. Ƙasa ce mai sanyi da iska da yawan ruwan sama, ciyawarta ba ta bushewa duk shekara, saboda haka tun dā can dukiyar mutanenta shanu ne da tumaki. Shekara 1,200 da suka wuce, babbar suturar mutumin Ailan, namiji ko mace, ita ce mayafi mai kauri na gashin tumaki, wanda a kan yafa bisa taguwa. A zamanin nan ba a saba da maɓalli ba. In mutum zai yi tafiya, ko zai kama aiki, tilas ya nemi abin da zai riƙe masa bakin mayafin nan biyu don kada iska ta yaye shi. Abin da maƙeran ƙasar suka ƙago domin wannan bukata shi ne wani tsinke na ƙarfe mai zobe a ka.

Tsinken nan da kaɗan ya ɗara basilla, wanda ya gan shi yashe a ƙasa ba lalle ne ya sunkuya ya ɗauka ba. Amma da shi masana suka bi sawun waɗansu mayaƙan teku daga tsibiri zuwa tsibiri, har ya zama ɗaya daga cikin shaidun da suka tabbatar da cewa mutanen Turai sun taka ƙasar Amurka kusan shekara 500 kafin Kolumbus.

SIFFAR TSINKEN

Galibi da tagulla a ke yinsa, wani lokaci da baƙin ƙarfe, na masu hali kuwa da azurfa. Tsawonsa ya kan kai inci 4 zuwa 6. Maƙeri ya kan narka tagulla ya zuba, ko kuwa ya buge ta da masaba har ta miƙe, ya fiƙe gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ya naɗe shi ko ya huda shi, sa'an nan ya zura masa ƙaramin zobe mai juyawa. Amfanin zoben nan biyu ne. Na fari, shi ke tare tsinken kada ya zarce ya fice ta cikin saƙar. Na biyu, a jikinsa a ke ɗaura ɗan zare. In an soke mayafi sai a jawo zaren a naɗe shi wajen tsinin, shi ke nan, ko gudu mutum ya yi mayafinsa ba ya zamewa.

Wannan shi ne na kowa da kowa. Sarakuna da manyan malaman addini suna da nasu dabam, watau babban maɗauri mai faffaɗan zobe na azurfa da dogon tsinke, an ƙawata shi da zaren zinariya siriri kamar gashi, da duwatsun ado, da zanen dabbobi masu sarƙe da juna. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne wanda a ke kira Maɗaurin Tara, an ƙera shi wajen shekara ta 700 ta Miladiyya, aka tsince shi cikin 1850 kusa da bakin teku a Bettystown. Abin ya shiga rayuwar mutane ƙwarai, har tsofaffin dokokin Ailan suka yi magana a kansa. Suka ce namiji a kafaɗa zai sa nasa, mace kuwa a ƙirji. In an sa shi yadda ya kamata, tsininsa bai yi fice da yawa ba, sa'an nan ya soki wani, to, babu diyya a kan mai shi.

ZUWAN BAIKINAWA

Mutanen Ailan Kirista ne tun ƙarni na 5. Ba su da manyan birane, ƙasar a rarrabe ta ke hannun ƙananan sarakuna da yawa. Inda dukiya ta taru shi ne gidajen ruhubanawa, watau malaman Kirista waɗanda suka keɓe kansu domin ibada da karatu. A can a ke rubuta littattafai, a can a ke ajiye kofunan azurfa da akwatunan da aka dalaye da zinariya, ga shanu, ga hatsi, ga jama'a. Da yawa daga cikin gidajen nan a bakin teku su ke, ko cikin ƙananan tsibirai, ba ganuwa, ba mayaƙa.

Can arewa maso gabas kuwa, a ƙasashen Norwe da Danmak da Suwidin, akwai waɗansu mutane gwanayen sassaƙa jirgi, waɗanda daga baya aka sani da sunan Baikinawa. Jiragensu dogaye ne marasa nauyi, iska na kora su, ana kuma tuƙa su da hannu. Suna iya ƙetare teku, suna iya hawan kogi, ana iya jawo su bisa rairayi ba sai an nemi mashigi ba. A lokacin nan Baikinawa gumaka su ke bauta wa, ba su ga abin tsoro a ɗakin ibadar kowa ba.

Cikin 793 suka fāɗa wa gidan ruhubanawa na Lindisfarne a gabashin Ingila. Cikin 795 suka iso Ailan. Tsibirin Iona, wanda ke yamma da Sikotilan, wanda kuma wani malamin Ailan mai suna Columba ya kafa gidan ibada a cikinsa, sun ƙone shi cikin 802, suka komo cikin 806 suka kashe mutum 68. Da fari hari kawai su ke kawowa da bazara, su kwashi ganima da bayi su koma gida. Amma cikin 841 suka kafa sansani a bakin kogin Liffey, suka ci sanyin shekarar a can ba su tafi ba. Sansanin nan shi ya zama birnin Dabilin. Ma'anar sunan a harshen Ailan ita ce baƙin tafki.

DAGA GANIMA ZUWA SUTURA

Akwai wata al'ada ta Baikinawa wadda ta taimaki masu binciken kufai ƙwarai. Kiristan Ailan ba sa binne mamaci da dukiya. Baikinawa kuwa, kafin su bar gumaka, su kan binne mutum da tufafinsa da makamansa da kayan sana'arsa, wani ma har da jirginsa. Saboda haka kaburburansu suka zama kamar rumbun labari. A Norwe an tono kaburbura masu yawa na ƙarni na 9, galibi na mata, aka sami kayan ƙirar Ailan da Biritaniya a ciki. Waɗansu guntaye ne da aka ɓamɓaro daga bangon littafi ko daga akwatin ɗakin ibada, aka liƙa musu tsinke a baya, suka zama abin adon uwargida.

Cikin 1963 wani manomi a Westness, cikin tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, yana haƙa rami zai binne mushen saniya, sai aka ci karo da kabari. Kabarin wata mace ne, an binne ta tare da jariri sabon haihuwa. A ƙirjinta akwai maɗauran nan biyu masu kama da ƙoƙon kunkuru waɗanda matan Baikinawa ke sawa, ga tsefe, ga lauje, ga kayan saƙa. Amma tare da su akwai wani tsinke na azurfa mai zobe, mai adon zinariya, ƙirar mutanen Ailan ko Sikotilan, wanda ya riga ya yi kamar shekara 100 a duniya kafin a binne shi da ita.

Wani maɗauri kuma, wanda aka tsinta a Hunterston ta Sikotilan, labarinsa ya fi wannan ban mamaki. An ƙera shi wajen 700. Bayan shekara kamar 200 wani ya karce bayansa da baƙaƙen rubutun Baikinawa, cikin harshensu, ya ce maɗaurin nan na Melbrigda ne. To, Melbrigda ba sunan Baikinawa ba ne, suna ne na Kiristan Ailan da Sikotilan. Watau a lokacin nan an riga an sami mutane masu sunan wannan gefe da harshen wancan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Marubutan tarihin Ailan kansu sun lura da irin mutanen nan tun tsakiyar ƙarni na 9, suka laƙaba musu wani suna wanda ya haɗa baƙo da ɗan ƙasa wuri ɗaya.

Manyan maɗaurai sai mai rabo. Abin da ya bazu cikin Baikinawa shi ne ƙaramin tsinken tagulla na talakawa. Dalilin kuwa a fili ya ke. Ba shi da tsada, kowane maƙeri na iya yinsa, ya kuma dace da yadda mazansu ke yafa mayafi. Wani Balarabe mai suna Ahmad bin Fadlan, wanda Halifan Bagadaza ya aika arewa, ya gamu da 'yan'uwan mutanen nan a bakin kogin Volga cikin 922. Ya ba da labari cewa kowane namiji cikinsu ya kan rufe gefe ɗaya na jikinsa da mayafi, ya bar hannu ɗaya a waje. Mai yafa mayafi haka, in ya soke shi a kafaɗar dama, hannun takobinsa a sake ya ke. Ashe mahara sun zo neman azurfa, suka koma da suturar waɗanda suka hara.

MAƘERAN DABILIN

Cikin 902 sarakunan Ailan suka haɗa kai suka kori shugabannin Baikinawa daga Dabilin. Ba da daɗewa ba wani ya binne dukiya mai yawa a Cuerdale, a bakin kogin Ribble cikin Ingila, daura da Dabilin ta ƙetaren teku, bai kuwa komo ya ɗauka ba. Leburori masu gyaran gaɓar kogi suka tono ta cikin 1840: azurfa ce wajen kilo 40. A ciki akwai maɗauran Ailan da aka daddatsa gunduwa-gunduwa, domin Baikinawa da awo su ke ciniki, ba ruwansu da kyaun ƙira in sun zo biya. Akwai kuma dirhamai masu rubutun Larabci, waɗanda suka biyo kogunan Rasha daga ƙasashen Musulmi, hannu zuwa hannu.

Cikin 917 Baikinawa suka sake kama Dabilin, daga nan ta bunƙasa ta zama babbar kasuwa. Jiragen fatake na zuwa daga ko'ina, ana sayar da fatu da tufafi da tsefe da takubba. Ana kuma sayar da mutane, gama Dabilin ta yi suna wajen cinikin bayi. Wajen 997 sarkinta Sitric ya buga kuɗin azurfa, su ne kuɗin farko da aka buga a Ailan.

Mutanen birnin da tsumagu su ke saƙa bangon ɗakunansu, kamar yadda a ke saƙa zana. Irin ɗakin nan ba ya daɗewa. In ya tsufa sai a rushe, a baje, a gina sabo a kansa. Da haka unguwa ta yi ta tashi, hawa bisa hawa. Da ya ke ƙasar wurin jiƙe ta ke kullum, itace da fata da ƙyalle ba su ruɓe ba. Daga farkon shekarun 1960 zuwa 1981 ma'aikatan gidan ajiye kayan tarihi na Ailan suka yi ta haƙa a tsohon birnin, a wani wuri suka iske hawa fiye da 10 na gidaje, wani bisa wani. Aikin bai tafi salin alin ba. Hukumar birni ta ƙudura gina ofisoshinta a Wood Quay, bisa kufan. Cikin 1978 mutum wajen 20,000 suka fito suka yi jerin gwano don a bar wurin, amma hukuma ta yi gininta. Abin da aka samu ya tsira shi ne abin da masu haƙa suka iya kwashewa kafin magina su iso.

Cikin abin da aka kwashe akwai tsinke mai zobe fiye da 200. Wani masani mai suna Thomas Fanning ya zauna ya jera su, ya buga littafi a kansu cikin 1994. Tun da an san hawan da kowane tsinke ya fito, na ƙasa ya girmi na bisa, sai ya ga yadda yayi ya riƙa sākewa. Na farko kansu naɗi ne kawai da zobe siriri. Cikin ƙarni na 10 maƙeran Dabilin suka fito da mai dunƙulallen kai mai kusurwoyi da yawa, da ɗigo-ɗigo ko ɗan zanen ƙulli a fuskokinsa. Aka yi mai zobe mai kauri kamar ƙoda. Cikin ƙarni na 11 aka koma ga mai zobe kamar likkafa. Daga bisani aka bar zoben ɗungum, tsinke ya saura shi kaɗai. Da wannan jeri tsinken ya zama kamar kalanda: in an same shi a wani kabari can nesa, siffar kansa da ta zobensa za su nuna zamanin da aka binne mai shi.

HANYAR TEKUN AREWA

Da aka ɗauki taswira aka ɗiga alama a duk inda aka sami irin ƙirar Dabilin ta ƙarni na 10, sai ɗigon suka jeru suka zama hanya. Ba gabas ta fi nufa ba, wajen asalin Baikinawa. Arewa ta yi, sa'an nan ta karkata yamma. Akwai tsinke mai zobe a kaburburan mayaƙa na tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ailan da Ingila. Akwai shi a tsibiran Sikotilan. Cikin 2011 ma an tono wani mayaƙi a Ardnamurchan, a gaɓar yammacin Sikotilan, kwance cikin jirginsa da takobi da gatari da mashi, da tsinkensa na tagulla. Gaba da nan, a tsibiran Faro, an sami wani a maƙabartar Tjornuvik. Gaba kuma akwai su a kaburburan Aisilan.

Kada a rikita Aisilan da Ailan. Aisilan wani babban tsibiri ne can arewa mai nisa, ƙasar ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta, Baikinawa suka fara zama cikinta wajen 870. An daɗe ana ɗauka cewa mutanen Norwe ne zalla suka cika ta. Amma binciken jinin mutanen Aisilan da aka yi wajen shekara ta 2000 ya nuna cewa, ko da ya ke yawancin kakanninsu maza daga ƙasashen Baikinawa su ke, fiye da rabin kakanninsu mata daga Ailan da Sikotilan suka fito. Waɗansu matan aure ne, waɗansu kuwa bayi ne da aka ɗebo ƙarfi da yaji. Abin da jini ya faɗa, tsinke ya riga ya nuna shi.

Daga Aisilan, wajen 985, wani mai suna Erik Ja ya jagoranci mutane suka zauna a Girinlan. Mutanen Aisilan suna da labarun kaka da kakanni, waɗanda aka rubuta bayan shekara 200 da wani abu, masu cewa ɗansa Leif ya ƙara gaba yamma, ya iske wata ƙasa mai itatuwa da inabi. Shekaru da yawa masana na gardama: waɗansu su ce gaskiya ce, waɗansu su ce tatsuniya ce, tun da ba wanda ya iya nuna wurin.

TSINKE A ƘASAR AMURKA

Cikin 1960 wani mutumin Norwe mai suna Helge Ingstad ya bi gaɓar gabashin Kanada yana tambayar masunta ko sun san wani tsohon kufai. A ƙarshen arewa na tsibirin Newfoundland, a wani ɗan ƙauye mai suna L'Anse aux Meadows, aka nuna masa waɗansu 'yan tuddai da ciyawa ta rufe. Matarsa, Anne Stine Ingstad, wadda haƙar kufai ita ce sana'arta, ta shugabanci aikin daga 1961 zuwa 1968. Suka tono harsashin gini 8, masu bangon ƙasa da ciyawa irin na Aisilan da Girinlan. Suka sami ƙusoshin jirgi, da wurin da aka narka tama, da ɗan dutsen mazari na kaɗi.

Mutanen asalin ƙasar nan, waɗanda suka yi dubban shekaru a cikinta kafin kowane baƙo, ba sa narka tama, ba sa zubin tagulla. Duk da haka masu shakka ba su rasa ta cewa ba, gama ƙusa ƙusa ce, ta kowane zamani kusan kama ɗaya gare ta. Sai cikin 1968, shekarar ƙarshe ta aikin, aka tsinci tsinken tagulla mai zobe a cikin ɗaya daga cikin gidajen, tsawonsa kamar inci 4. Wannan kam ba masuncin baya da zai yar da shi, domin an bar yayinsa tun ɗaruruwan shekaru kafin Kolumbus ya tashi daga Sifen cikin 1492. Gani ya kori ji. Cikin 1978 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Shekarar kanta ma an gano ta daga baya. A ƙasashen sanyi kowace shekara itace ya kan ƙara zobe ɗaya cikin gangar jikinsa. Cikin 993 wani haske mai ƙarfi daga sararin sama ya bugi duniya, ya bar alama a zoben shekarar nan cikin itatuwa ko'ina. Masana suka ɗauki guntayen itace 3 daga kufan, waɗanda aka sara da kaifin ƙarfe, suka nemo zoben 993, suka ƙidaya daga nan har zuwa ɓawo. Duka ukun suka ba da amsa ɗaya, aka bayyana ta cikin 2021: an sare su cikin 1021, watau shekara 471 kafin Kolumbus. Baikinawa ba su daɗe a wurin ba. Bayan 'yan shekaru suka kwashe kayansu suka koma Girinlan, tsinken da ya faɗi wa wani ya saura.

ABIN DA TSINKE KE FAƊI

Shaidar tsinke tana da iyaka, masana kuwa suna kiyaye ta. Ba ya faɗin ƙabilar mai shi. Mutanen Ailan na ƙauye sun sayi ƙirar Dabilin sun sa, maƙeran waɗansu ƙasashe kuma sun kwaikwaye ta. Wanda aka binne da shi yana iya zama ɗan Norwe, ko jikan baiwa, ko ɗan ƙasa wanda ya shiga jirgin baƙi. Abin da ya ke nunawa tabbas shi ne hanyar da mutane da kaya da al'ada suka bi.

Ruhubanawan da suka rubuta tarihin zamanin nan su ne aka ƙone wa gidaje, don haka abin da suka fi rubutawa shi ne wuta da kisa da kamun bayi, gaskiya kuwa suka faɗa. Amma akwai sauran labarin da alƙalaminsu bai kula da shi ba, watau auratayya da ciniki da koyon sana'a. Jikokin maharan nan sun karɓi addinin waɗanda kakanninsu suka hara, suka daina binne mamaci da kaya. Olaf, sarkin Dabilin, da aka ci shi da yaƙi cikin 980, sai ya bar sarauta ya tafi Iona, tsibirin nan da aka ƙone cikin 802, ya ƙare kwanansa a can yana tuba.

Maƙerin da ya zauna a bakin kogin Liffey yana gyara kan tsinke da magagari bai san karatu ba, ba wanda ya rubuta sunansa, abin da ya dame shi kawai shi ne aikinsa ya yi kyau, mai saye ya biya. Sarakunan zamaninsa da yawa an manta da su. Aikin hannunsa kuwa yana nan jere cikin gidan ajiye kayan tarihi na Dabilin, ana zuwa daga ƙasashe masu nisa domin a dube shi.